Karkatattun Alamomi a Jikin Inna Rabi

Da Sallar layya da ta wuce na je gida Safana. Muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, sai na ji wani ɗan ƙanwata, wanda bai daɗe da gama jami'a ba, yana gaya wa abokansa cewa idan Allah ya ba shi aiki irin na kawunsa ya huta: ɗaki mai sanyi, kujera mai juyawa, kwamfuta ta yi lissafi, mutum ya danna. Abokan suka yi dariya, ni ma na yi, domin ɗakin yana nan, kujerar tana nan, kwamfutar ma tana nan. Sai dai na koma bakin aiki maganar tana bina. Shi ya sa na rubuta wannan, domin shi da ire-irensa masu sha'awar wannan sana'a su san abin da ke gaban kujerar kafin su zauna a kanta.

Ni ba likita ba ne, ko da yake a Safana da Batsari ba wanda ya taɓa yarda da hakan. Ilimin fiziks na karanta, sannan na ƙara da ɓangarensa da ya shafi asibiti. Aikina shi ne tsara maganin haske, wanda mutanenmu suke kira gashi, a wani babban asibitin koyarwa. Mafi yawan waɗanda suke biyowa ta hannuna mata ne da aka yi wa tiyatar sankarar mama.

Likitan tiyata yana cire abin da ya gani da abin da ya taɓa. Amma duk wanda ya yi noma a Karare ya san halin ƙuduji: za ka tuge shi tas, gona ta yi kyau, alhali irinsa yana kwance a cikin ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Domin wannan irin ake ba da hasken. Matsalar ita ce haske ba ya tambayar abin da ya tarar a hanyarsa. A ƙarƙashin haƙarƙari akwai huhu, idan kuma gefen hagu ne akwai zuciya, wadda take matsowa kusa da bangon ƙirji ƙwarai. Saboda haka ba ma sako hasken daga sama kai tsaye. Ta gefe biyu muke sako shi, a kaikaice, ya shafi bangon ƙirji ya wuce, kamar mai feren kabewa da yake so ya ɗauke ɓawo ya bar tsoka. Likitan cutar daji shi yake shata wurin da za a yi wa magani da yawan da za a bayar. Ni kuma nawa shi ne nemo hanyar da hasken zai bi ya cika wannan wuri ba tare da ya ci iyakar maƙwabta ba.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a kwanciya ne. Shugaban sashenmu na wancan lokaci, Malam Iliyasu, Allah ya jiƙansa, ya karɓi takarduna ya ajiye bai duba ba, ya kai ni ɗakin awo, ya nuna mini wani allo mai ɗan tudu wanda ake kwantar da marasa lafiya a kai. Ya ce in kwanta, in ɗaga hannuwana biyu sama da kaina, in kama wani ƙarfe, kada in motsa. Ya fita ya bar ni. Kafin ya dawo kafaɗuna sun yi tsami, yatsuna sun mutu, bayana ya soma zamewa ba da sanina ba. Da ya shigo ya tambaye ni ko akwai ɗinki a hammatata, na ce babu. Ya ce to matan da zan yi wa aiki suna da shi, kuma kowace safiya haka za su kwanta har a gama. Duk tsarin da na yi wanda zai daɗar da mace a kan allon nan, komai kyansa a takarda, jikinta zai ɓata shi.

A zamanin ba mu da na'urar da take nuna cikin jiki daki-daki. Wayar dalma muke amfani da ita, mai laushi, wadda take tsayawa yadda aka lanƙwasa ta. Ma'aikaciya za ta gyara wa mace zane ta buɗe iya wurin da ake buƙata, a ɗora wayar a ƙirji, a bi da ita surar jiki daga tsakiya zuwa gefe, a ɗauke ta a hankali, a aza a kan takarda mai gidaje, a zana da fensir. A kan wannan zane ake yin dukkan lissafi da hannu. Na lura cewa kafin Malam Iliyasu ya ɗora wayar sai ya riƙe ta cikin tafin hannunsa ya ɗan jima, yana gaisawa da matar, yana tambayar mutanen gida, idonsa a kan wayar. Na ɗauka laushi yake so ta ƙara. Da na tambaye shi, ya ce waya mai sanyi tana sa mace ta zabura ta riƙe numfashi, ƙirji ya tashi, sai ka zana ƙirjin da ba nata ba, ka yi masa lissafi mai kyau. Na daɗe ina tambayar kaina ko don tausayi yake ɗumama wayar ko don daidaito. Yanzu da na kai shekarun da yake da su a lokacin, ban ga inda ɗaya ya rabu da ɗaya ba.

Yau wayar tana cikin aljihun teburina, ba a amfani da ita. Ana shigar da mace na'urar sikan a kan irin wancan allo, hannuwa a sama, hotunan su fito kamar an yayyanka burodi, kowane yanki da huhunsa da ƙashinsa da zuciyarsa. A kansu nake zagaye abin da za a kiyaye, in juya kusurwar haske, in rage nan in ƙara can, kwamfuta tana nuna mini da launuka inda zafin maganin ya taru da inda ya gaza. Gaskiya ne tana da sauri. Amma abin da ka gaya mata shi take lissafawa, kuma ba ta jin kunyar ba ka amsa mai kyau a kan bayanin da ba daidai ba. Shi ya sa ba tsarin da yake fita daga ɗakina sai wani abokin aiki ya sake lissafa shi da kansa, kuma muna auna ƙarfin injin a cikin tankin ruwa a kai a kai, domin mu tabbata abin da yake cewa yana bayarwa shi yake bayarwa.

Duk wannan ilimi kuwa a kan 'yan alamomi uku ya rataya. A ɗakin sikan da ɗakin magani akwai siraran layukan jan haske da suke fitowa daga bango su haɗu a jikin wadda take kwance. Ranar awo, ma'aikaciya takan zana ɗan gicciye da tawada a inda layukan suka faɗa: ɗaya a tsakiyar ƙirji, ɗaya a kowane gefe. Kowace rana ta magani, da waɗannan alamomi ake mayar da mace kwanciyar da ta yi ranar awo. Idan alamar ta gusa, dukkan tsarin ya gusa tare da ita. A wasu wurare ɗan ɗigon jarfa ake yi da allura, wanda ba ya goguwa har abada. Matanmu da yawa ba sa yarda da shi saboda addini, mu kuma ba ma tilasta wa kowa. Sai mu zana da tawada mu rufe da farar filasta mai nuna abin da ke ƙarƙashinta, mu bar su da zafi da gumi da wanka.

Kowace sana'a tana da shekarar da masu ita ba sa son tunawa. Tamu ita ce shekarar da wani sashe na injin ya ƙone, kayan gyara kuma sai daga ƙasar waje. Aka shiga jira, wata yana bin wata. Tsarin magani ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Jiki yana ramewa ko ya kumbura, tabo yana janyewa, awon da aka yi a watan jiya ba lallai ya dace da jikin yau ba. Na ga tsare-tsaren da na ɓata kwanaki a kansu suna tsufa a cikin kwamfuta. Mata suka shimfiɗa tabarmi a barandar sashenmu, kowace safiya su gaishe mu da ladabi, su tambayi lafiyar injin kamar yadda ake tambayar jikin dattijo. Masu hali aka tura su garuruwa masu nisa. Sauran suka koma gida. Da aka gyara injin muka shiga kiran waya, kuma ba kowace waya ce mai ita ta ɗauka ba. Wani lokaci miji ne zai amsa, ya yi godiya da aka tuna da su, sannan ya faɗi abin da ya faru.

Inna Rabi tana cikin waɗanda suka ɗauka da kansu. Daga wani ƙauye take gaba da Wagini, manomiya, ta haura hamsin, an cire mata maman hagu gaba ɗaya. An yi mata awo kafin injin ya lalace, ta yi zaman baranda har ta gaji, ta koma gida, alamomin suka goge. Da ta dawo, tare ta zo da ƙanwarta Asabe, wadda ita ce mai sa wa amare lalle a yankinsu. Tun a gaisuwar farko Inna Rabi ta ji harshena ta tambaye ni ɗan wane ne ni. Da na ce mahaifina ya koyar a firamare a Batsari, ta kwatanta shi da kekensa da hularsa, ta ce shi ya koya wa ƙaninsu karatu. Daga ranar ban sake jin sunana a bakinta ba, sai Ɗan Malam.

Mata da yawa sukan zo mana hannun gefen da aka yi wa aiki ya ƙage, ba ya ɗaguwa, sai an jira an yi ta motsa shi kafin a iya awo. Nata kuwa ya ɗagu sarai. Ta ce an gaya mata a asibiti ta riƙa tattaka bango da yatsu, ita kuma ta zaɓi jikin rumbu, kullum tana ƙara hawa, har ta taɓo bakin jinka. Ma'aikaciyarmu, Sista Hajara, ta kwantar da ita, aka yi sabon sikan, aka zana sababbin alamomi, aka rufe da filasta. Tsarin yana buƙatar 'yan kwanaki kafin ya kammala, su kuma ba su da masauki a birni, ga wake ya isa roro a gida. Suka ce za su je su dawo. Sista Hajara ta ja musu kunne da abin da muke gaya wa kowa: kada a bari alamomin nan su goge, idan suka goge sai an sake komai daga farko. Inna Rabi ta san ma'anar daga farko fiye da kowa.

Tsarinta ya ba ni aiki, domin zuciyarta ta matso gaba sosai, kusan tana jingine da haƙarƙari. Na yi ta juya kusurwa har na samu hanyar da hasken zai cika bangon ƙirji ya wuce ta gefen zuciyar da ɗan rata kaɗan. Likita ya duba ya sa hannu.

Ranar da za a fara, ina ɗakina sai Sista Hajara ta aiko in zo. Na yi sallama, aka gyara wa Inna Rabi mayafi, na shiga. Alamomi uku suna nan, amma ba baƙar tawadarmu ba ce. Jajaye ne masu duhu, siraran layuka miƙaƙƙu, kowane gicciye daidai da ɗan'uwansa. Ban taɓa ganin alamomi masu kyan waɗannan a ɗakin nan ba. Kafin a ba da maganin farko, ka'ida ce a ɗauki hoton gwaji a gwada shi da hoton tsari. Sista Hajara ta riga ta daidaita ta da alamomin ta ɗauka, shi ya sa ta kira ni. A hoton, bakin zuciyar yana cikin hanyar haske, ya shiga kamar faɗin yatsa biyu.

Aka kira Asabe daga baranda. Ba ta ɓoye komai ba, domin ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. Ta ce da suka isa gida zafin kaka ya taso, filasta ta soma ɗagowa, tawada tana dushewa, Yaya ta daina barci saboda tsoron a ce a sake daga farko. Sai ita ta tsinko ganyen lalle, ta daka, ta tace, ta zaunar da Yaya a ɗaki, ta ɗauki tsinke. Da ta duba da kyau sai ta ga na dama ya fi na hagu hawa, na tsakiya kuma ya kauce ya kusa hawa tabo. Ta ɗauka gaggawa ce ta sa ma'aikatan asibiti suka karkata su, ga mutane da yawa suna jira. Sai ta ɗauko zare ta auna, kamar yadda take auna ƙafafun amarya domin lallen dama ya yi daidai da na hagu, ta daidaita su, ta goge ragowar tawadar.

Da ta gama bayani ta dubi fuskokinmu, muryarta ta sauka.

"Mi na ɓata, Malam?"

Na ce mata ba ta yi don ɓatawa ba, amma alamomin ba a wurinsu suke ba, kuma yau ba za a iya ba da magani a kansu ba. Abin da aka saba yi a irin wannan hali shi ne a koma ɗakin sikan a sake awo, a sake tsari. Amma layin sikan a bayan wannan shekara ya yi tsawon da ban iya ce wa Inna Rabi ga ranar da zai zo kanta ba, likita kuma ya riga ya ce lokacin da ya wuce tun bayan tiyatarta ya yi yawa, ba a son ƙari. Inna Rabi ta tashi zaune a bakin gadon injin, ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa. Ba ta dubi ƙanwarta ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Ɗan Malam, kai ka san hanyarmu, ka san yadda ake bin ta yanzu. Sau biyu ke nan ina zuwa ana mayar da ni. Ba fushi nake ba. Amma in na koma wannan karon, na zauna ke nan."

Na koma ɗakina na buɗe hotunanta na zauna a gabansu. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, tsarin bai lalace ba. Ƙofar shigarsa ce ta ɓata. Sikan ɗin sabo ne, jikinta bai canza ba. Fata tana zamewa, tana bin hannu idan ya sauka, shi ya sa ma awon da Asabe ta yi mata a zaune ba zai taɓa dacewa da na kwance ba. Amma ƙashi yana inda yake. Idan muka kwantar da ita, muka ɗauki hoton gwaji, muka gwada haƙarƙarinta da ƙashin tsakiyar ƙirji da na wuya da waɗanda ke hoton tsari, muna gusa gadon kaɗan-kaɗan har su hau kan juna, to mun dawo da kwanciyar ranar awo, kuma duk inda jan haske ya faɗa a lokacin nan ne wurin alamar gaskiya. Ba sabuwar dabara ba ce, sai dai tana cin lokaci, kuma kowane hoton gwaji ɗan haske ne a jikin mutum, ba a yin sa barkatai. Na kai wa likita, ya duba, ya amince, da sharaɗin shi zai ga hoton ƙarshe da idonsa. Lokaci kuwa babu shi a ranar sai na hutun azahar. Sista Hajara ta ce abincinta zai jira.

Idan ana ɗaukar hoto ba wanda yake zama a ɗakin sai mara lafiya. Muna waje muna kallonta ta talabijin, muna yi mata magana ta lasifika. Hoton farko ya nuna mana inda za mu gusa. Kafin na biyu na ga gwiwar hannunta ta soma sauka, numfashinta ya yi sauri, na tuna allon Malam Iliyasu. Na jawo wa Asabe kujera kusa da lasifikar na ce ta yi wa yayarta hira, muryar gida za ta fi tamu. Sai ta kama labarin wata akuyarsu da ta shiga ɗakin maigida ta cinye masa goro. Na ga ƙirjin Inna Rabi ya soma girgiza a talabijin. Sista Hajara ta dafe bakin lasifikar ta ce wa Asabe don Allah ta nemi labarin da ba shi da ban dariya. Asabe ta koma lissafa mata gonakin da aka gama roron wake da waɗanda suka rage, a hankali, gona bayan gona, da sunayen masu su. Numfashin ya kwanta. A hoto na uku ƙasusuwan suka hau kan juna, zuciyar ta koma bayan layi inda na bar ta. Likita ya zo ya duba ya gyaɗa kai.

Sista Hajara ta shiga ta zana da tawada a inda jan haske ya faɗa. Alamomin suka fito kamar na farko: na dama ya fi na hagu hawa, na tsakiya ya kauce. Sai muka ga wata sabuwar damuwa. Yanzu alamomi iri biyu ne a jikinta: na kuskure masu kyau waɗanda ba sa wankuwa, da na gaskiya waɗanda gumi zai cinye. Duk ranar da wata ma'aikaciya ta karɓi aiki, idonta kan jajayen zai fara faɗawa. Muka rufe jajayen da filasta mai kauri. Sannan Sista Hajara ta dube ni, ta dubi ƙullin da ke hannun Asabe, ta tambaye ta ko akwai saura. Asabe ta ce ba ta fita ko'ina ba tare da garin lalle ba. Na koma wurin likita. Ya tambaya ko ganye ne zalla, ba irin baƙin nan na kanti da ake haɗawa da sinadari ba, ya kuma ce kada ya taɓa tabo ko inda fata ta yi rauni. Aka kwaɓa a murfin kwalba.

Inna Rabi tana kwance yadda take, hannuwa a sama. Muka ce wa Asabe wannan karon ɗigo za ta yi a tsakiyar kowane gicciye, domin a bambanta su da waɗanda ta zana a gida. Ta ɗauki tsinke. Ta yi na tsakiya, ta yi na dama. Da ta zagayo hagu sai ta tsaya.

"Malam, wannan fa ya sauka ƙwarai."

Kafin in amsa, Inna Rabi ta yi magana, idonta a rufin ɗaki.

"Asabe, tun da aka yanke ni jikin nan a karkace yake. Ba su ne suka karkace ba. Bi shi yadda kika gan shi."

Asabe ta share ido da bakin mayafi, ta ɗiga lallen a inda tawada take.

Washegari aka ba ta maganin farko, ba ta kuma rasa ko rana guda ba har aka gama. Wannan karon aka dace, wata 'yar garinsu da ke aure a birni ta ba su ɗaki. Fatar wurin ta yi duhu, ta ɗan sale a hammata wajen ƙarshe, kamar yadda takan yi, ta warke daga baya. Duk lokacin da ɗigon ya soma dushewa, Asabe takan sabunta shi a ɗakin magani, Sista Hajara tana tsaye a kanta.

Tun daga nan na ƙara abu guda a bayanin da muke yi ranar awo. Nakan sa a kira wadda ta rako mara lafiya, a nuna mata alamomin, a gaya mata cewa haka ake so su kasance, ba daidai da juna ba, kuma idan suka soma dushewa a dawo mana da su yadda suke. Abokan aiki sun sha tambayata ko mu mayar da lalle ka'ida ga duk wadda ba ta son jarfa. Ban yanke ba. Ba kowace fata ce take karɓarsa ba, kuma abin da ya yi wa mace guda aiki bai isa hujja ba. Na bar wa masu bincike, wataƙila cikinku. Haka nan ba zan ce muku Inna Rabi ta rabu da cutar har abada ba, domin a sana'armu ba a faɗar haka. Tana zuwa a duba ta a kan lokaci, kuma zuwa yanzu ba a ga komai ba.

A wannan tafiyar Sallar na ratsa Batsari ranar kasuwa. Ina wucewa ta layin masu hatsi na ji an kira Ɗan Malam. Na juya na ga Inna Rabi tana sauke ƙwaryar wake daga kanta. Kafin in dubi fuskarta hannun hagu na duba, wannan halin sana'a ne: ya miƙe sama sosai, ya sauko da ƙwaryar ba tare da ta karkata ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Sista Hajara, ta tambayi lafiyar injin. Asabe tana gefe, tafin hannunta jajur. Ta bari sai da yayarta ta gama, sannan ta tambaye ni ko har yanzu a karkace muke zana su. Na ce har yanzu. Ta girgiza kai ta ce Allah ya ƙara mana haƙuri, ita dai idonta bai taɓa yarda ba, hannunta ne kawai ya bi.

Ga ɗan ƙanwata kuma, idan har yanzu yana so, ya zo. Kujerar tana nan, tana kuma juyawa. Amma ranar farko ba a kanta zai zauna ba. Allon nan zan kai shi, ya ɗaga hannuwansa sama, in fita in bar shi.